Wa ke zaɓen shugaban Amurka, jama'a ko jihohi?

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, jiya kuma wani ɗalibina ya tayar da ita a aji har na rasa amsar da za ta gamsar da shi. A zaɓen Amurka na 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump ƙuri'u kusan miliyan 3, amma Trump aka rantsar. A 2000 ma Al Gore ya fi George Bush da ƙuri'u sama da dubu 500, amma Bush ne ya shiga fadar White House. Yaron ya ce da ni, "Malam, da a nan haka ta faru maguɗi za mu kira shi, to me ya sa a can ake kiransa doka?" Ina roƙon masana su warware mana.

Barista Lawal:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ɗalibinka ya yi tambaya mai kyau, sai dai ya ɗora ta a kan zaton cewa Amurkawa na yin zaɓen shugaban ƙasa guda ɗaya, alhali zaɓe 51 ake yi a rana ɗaya, wato a jihohi 50 da birnin Washinton. Idan mutum ya dangwala wa ɗan takara a ranar Talatar da ke biye wa Litinin ta farko a watan Nuwamba, a shari'ance wasu wakilai ya zaɓa, waɗanda jam'iyyar ɗan takarar ta tsayar a jiharsa. Su ne Amurkawa ke kira kwalejin masu zaɓe, ko da yake babu aji babu ɗalibi, kuma ba sa ma haɗuwa wuri ɗaya. Kowace tawaga tana zama a babban birnin jiharta a watan Disamba ta kaɗa ƙuri'a, a aika Washinton, majalisun tarayya biyu su ƙirga ranar 6 ga Janairu, a yi rantsuwa ranar 20 ga wata.

Lissafin wakilan kuwa mai sauƙi ne. Kowace jiha tana da adadin 'yan majalisar wakilanta, a ƙara da sanatocinta biyu. 'Yan majalisar wakilai 435 ne, sanatoci 100, sai uku da aka ba birnin Washinton da gyaran tsarin mulki na 23 a 1961. Jimilla 538, wanda ya samu 270 ya ci. Kalifoniya tana da 54, Teksas 40, Fulorida 30, Niyok 28, ƙananan jihohi irin su Wayomin kuma uku-uku. Trump ya tashi da 304 a 2016, Clinton 227. Babu sashe ko ɗaya a tsarin mulkinsu da ya ce a tara ƙuri'un ƙasa baki ɗaya. Wannan jimillar da muke gani a talabijin 'yan jarida ne ke haɗa ta.

Nura Mai Shago:
Barista, ka gaya mana yadda ake yi, amma ba ka gaya mana dalilin da ya sa ba zalunci ba ne. Wayomin ba ta kai mutum dubu 600 ba, tana da wakilai uku. Kalifoniya tana da mutum sama da miliyan 39, tana da 54. Idan ka raba, wakili ɗaya a Wayomin yana tsaya wa mutum ƙasa da dubu 200, a Kalifoniya kuwa sama da dubu 700. Ni ɗan kasuwa ne, kuma a wurinmu duk wanda ya auna wa wani da babban mudu ya auna wa wani da ƙarami, mun san sunan da ake kiransa.

Alhaji Garba:
Nura, a yi hattara da saurin yanke hukunci. Waɗanda suka zauna a Filadelfiya a 1787 ba ƙasa ɗaya suka tarar suka yanka ta jiha-jiha ba, kamar yadda soja suka yi mana daga 1967. Jihohi 13 ne da kowacce ke ganin kanta mai cin gashin kanta, aka lallashe su su shiga inuwa ɗaya. Ƙanana irin su Delaware sun ce ba za su sa hannu ba idan yawan jama'a kaɗai zai yi magana, domin Bajiniya da Fensilbaniya za su haɗiye su. Daga nan aka daidaita: majalisar wakilai bisa yawan jama'a, majalisar dattawa kowace jiha biyu. Wakilan zaɓen shugaban ƙasa sun gaji wannan sulhun ne. Idan an yi yarjejeniya kowa ya sa hannu da idonsa biyu, ba daidai ba ne jikoki su zo bayan shekara 200 su ce an cuce su. Ban da haka, tsarin yana tilasta wa ɗan takara ya nemi goyon baya a sassa daban-daban, kada ya tsaya a manyan birane uku ko huɗu ya kwashe ƙuri'u ya manta da manoman karkara.

Malama Bilkisu:
Ranka ya daɗe Alhaji, rabin tarihin ka kawo, kuma rabin da ya fi daɗin ji. A wannan taro na Filadelfiya, James Wilson na Fensilbaniya ya kawo shawarar jama'a su zaɓi shugaba kai tsaye. James Madison, wanda ɗan Bajiniya ne, ya nuna cewa matsalar hakan tana kudu, domin ɗimbin mutanen can bayi ne da ba su da ƙuri'a, saboda haka arewa za ta rinjaye su a kowane zaɓe. Tsarin wakilai ya rufe wannan ɓaraka, tunda an riga an amince cewa wajen rabon kujerun majalisar wakilai za a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku. Wato bawa ba ya zaɓe, amma kasancewarsa tana ƙara wa ubangidansa ƙarfi a majalisa, daga nan kuma ta ƙara masa wakilan zaɓen shugaban ƙasa. A shekaru 36 na farkon ƙasar, 32 'yan Bajiniya masu bayi ne suka yi mulki: Washington, Jefferson, Madison da Monroe. Ba na cewa bauta ce kaɗai dalili; akwai nisan hanya, akwai rashin jam'iyyu, akwai tsoron kada wani mai zaƙin baki ya yaudari talakawa. Amma yarjejeniyar da Alhaji ya ce kowa ya sa mata hannu, akwai dubban ɗaruruwan mutane da aka ƙirga a cikinta ba tare da an tambaye su ba.

Alhaji Garba:
Malama, na karɓi wannan gyara, kuma ban musa ba. Sai dai an soke bauta a 1865, lissafin uku cikin biyar kuma ya faɗi da gyara na 14 a 1868. Mugun asali ba ya isa hujjar rushe gida idan mutanen da ke ciki yau suna amfana da shi. Tambayar ita ce ko yana aiki yanzu.

Dakta Hadiza:
Bari in sa baki a matsayin wadda ke zaune a ƙasar kuma take kaɗa ƙuri'a a cikinta. Ina ganin Nura da Alhaji duk suna jayayya a kan ƙananan jihohi, alhali ba can gizo ke saƙar ba.

Ku duba masu wakilai uku-uku. Wayomin, Alaska da Dakota biyu na 'yan Rifablikan ne. Vermont, Delaware da birnin Washinton na 'yan Dimokurat ne. Kusan sun cinye juna. Kuma babu ɗan takarar da ke ɓata lokacinsa a Wayomin, domin an san inda za ta faɗa tun kafin a buga takardun zaɓe, saboda haka kariyar da Alhaji ke cewa ana ba manoman karkara ba ta isa gare su. Abin da ke juya sakamako shi ne ƙa'idar da jihohi 48 ke bi, cewa wanda ya zo na ɗaya a jiha, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi zai kwashe wakilanta duka. A 2020 Trump ya samu ƙuri'u sama da miliyan 6 a Kalifoniya, fiye da abin da ya samu a kowace jiha, har da Teksas, amma bai tashi da wakili ko ɗaya ba. Biden ya samu sama da miliyan 5 a Teksas, shi ma hannu rabbana. A 2016 kuwa abin da ya raba gardama bai kai ƙuri'a dubu 80 ba a Mishigan, Fensilbaniya da Wiskonsin a haɗe, kuma da wannan 'yar rata wakilai 46 suka koma gefe ɗaya, yayin da miliyoyin rarar da Clinton ta tara a Kalifoniya ba su ƙara mata komai ba.

Na ga bambancin da idona. Shekarun da na yi a Maryland, lokacin zaɓen shugaban ƙasa yakan zo ya wuce kamar a wata ƙasa ake yi. Da aiki ya mai da ni Mishigan, daga watan Satumba ba ka kunna talabijin ba tare da tallan siyasa ba, akwatin wasiƙa ya cika da takardu, masu ƙwanƙwasa ƙofa kuma har sai da na gaji da ba su ruwa. Ni ce dai, ƙuri'ata ce dai, amma da na sauya adireshi sai farashinta ya tashi. A 2024 jihohi bakwai aka yi ta zarya a cikinsu: Fensilbaniya, Jojiya, Karolina ta Arewa, Mishigan, Arizona, Wiskonsin da Nebada, masu wakilai 93 cikin 538. Trump ya cinye su duka, ya tashi da 312, Kamala Harris 226, ko da yake a wannan karon shi ne kuma ya fi yawan ƙuri'un jama'a.

Malam Sabi'u:
Dakta, wannan ƙa'ida ta kwashe duka, tana cikin tsarin mulkin ne?

Barista Lawal:
Ba ta ciki, Malam, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Abin da sashe na biyu na tsarin mulkin ya ce shi ne kowace jiha ta naɗa wakilanta ta hanyar da majalisar dokokinta ta ga dama. A farkon zamani wasu jihohi majalisarsu ce ke zaɓen wakilan ba tare da an tambayi jama'a ba, wasu kuma suna rabawa gunduma-gunduma. Siyasa ce ta kawo kwashe duka. Gabanin zaɓen 1800 Bajiniya ta koma wannan hanya don kada ko wakili ɗaya ya kuɓuce wa Jefferson, sauran kuma suka ga cewa duk jihar da ta raba nata alhali maƙwabciyarta tana bayarwa a dunƙule, ta rage wa kanta daraja. Zuwa 1836 kusan kowa ya bi sahu, ban da Karolina ta Kudu da majalisarta ta ci gaba da naɗawa har 1860.

Yau Maine da Nebraska ne kawai suka bambanta: wakilai biyu ga wanda ya ci jihar, sauran kuma ɗaya-ɗaya ga wanda ya ci kowace mazaɓar majalisar wakilai. Shi ya sa Obama a 2008, Biden a 2020 da Harris a 2024 suka samu wakili ɗaya daga yankin birnin Omaha a Nebraska, Trump kuma ya samu ɗaya daga karkarar Maine sau uku a jere.

Nura Mai Shago:
To ai magani ya samu. Kowa ya yi irin na Nebraska, a huta.

Malama Bilkisu:
Da ma haka ne, Nura. A yawancin jihohi 'yan majalisar jiha ne ke zana iyakokin mazaɓu bayan ƙidayar da ake yi duk shekara goma, kuma jam'iyyar da ke da rinjaye takan zana su yadda za ta cusa magoya bayan abokiyar hamayya cikin 'yan mazaɓu kaɗan, ita ta kwashe sauran. Idan aka ɗora zaɓen shugaban ƙasa a kan wannan zane, an miƙa wa masu alƙalamin zanen wuƙa da nama ke nan. Masu lissafi sun nuna cewa da da wannan hanya aka yi zaɓen 2012 a ƙasar duka, Mitt Romney ne zai ci, duk da Obama ya fi shi ƙuri'u kusan miliyan 5. An gudu ba a tsira ba.

Injiniya Auwal:
Ina bin muhawarar tun safe, kuma ina so in mai da mu kan maganar ɗalibin Malam, domin akwai alaƙa ta gaske tsakaninmu da wannan batu. Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da muka koma a 1979 daga Amurka aka ɗauko shi, ta hannun kwamitin da Janar Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams. An ɗauki majalisu biyu, an ɗauki wa'adin shekara huɗu sau biyu, an ɗauki daidaiton jihohi a majalisar dattawa, amma ba a ɗauki wakilan zaɓe ba. Damuwar da Alhaji ya ambata, ta kada yanki ɗaya ya naɗa shugaba shi kaɗai, an magance ta da wata dabara: sai ka fi kowa ƙuri'u, kuma ka samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi. A ganina wannan ya fi na Amurka adalci, domin ƙuri'ar wanda ya sha kaye a jiharsa ba ta zubewa, tana shiga jimillar ƙasa.

Alhaji Garba:
Injiniya, kai yaro ne a 1979, ni kuwa na yi zaɓe a shekarar. Dabarar da kake yabo ba ta kwana ɗaya ba sai da ta kai mu kotu. Jihohi 19 ne a lokacin. Shehu Shagari ya samu kashi 25 a jihohi 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu ya yi kaka-gida, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20. Awolowo ya ce biyu cikin uku na 19 shi ne 13, tunda ba a gutsura jiha. Richard Akinjide, lauyan Shagari, ya ce 12 ne da biyu cikin uku, saboda haka abin da ake bukata a jiha ta 13 bai kai kashi 25 na ƙuri'unta duka ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari 'yan kwanaki kafin rantsuwar 1 ga Oktoba. A 2023 ma an sake komawa kotu a kan ko dole ne a samu kashi 25 a Abuja. Ban kawo wannan don in kushe namu ba, sai don in nuna cewa duk ƙasar da ta ce yawan kai kaɗai bai isa ba, sai ta haɗa da yaɗuwa, to ta sayi rigimar lissafi, ko a Legas ko a Fulorida.

Dakta Hadiza:
Gaskiya ne Alhaji, kuma ta Fulorida ta fi muni. A 2000 ƙuri'a 537 ce tsakanin Bush da Gore a jihar da mutum kusan miliyan 6 suka yi zaɓe, aka shafe sama da wata ɗaya ana duba takardu ana jayayya a kan wadda aka huda sosai da wadda ba a huda ba, har Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙirgar ranar 12 ga Disamba da alƙalai biyar a kan huɗu. Bush ya tashi da 271. Wani abin da zai ba Malam mamaki shi ne Amurka ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa mai gudanar da zaɓe kamar tamu. Jihohi da ƙananan hukumomi ne ke yi, kowa da irin takardarsa da na'urarsa da dokar rajistarsa. Hukumar tarayya da ke ɗauke da sunan zaɓe kuɗin kamfe kawai take sa wa ido.

Amma in yi wa tsarin adalci ta fuska ɗaya: wuƙar ba gefe ɗaya take yanka ba. A 2004 Bush ya fi John Kerry ƙuri'u kusan miliyan 3 a ƙasa, amma da mutum dubu 60 sun sauya ra'ayi a Ohayo, Kerry ne zai zama shugaba. Da hakan ta faru shekara huɗu bayan abin da ya sami Gore, ina zaton da jam'iyyun biyu sun haɗu sun binne tsarin, tunda kowacce ta ɗanɗana.

Nura Mai Shago:
Su waɗannan wakilai, idan ɗaya ya ga dama ya sayar da ƙuri'arsa fa? Mun ga abin da daliget ke yi a zaɓen fid da gwani.

Barista Lawal:
An sha samun masu saɓa alkawari, bakwai ma a 2016, shi ya sa 306 ɗin Trump ta koma 304, 232 ɗin Clinton ta koma 227. Amma ba su taɓa sauya wanda ya ci shugabancin ba, domin jam'iyya 'ya'yanta na amana take sawa. A 2020 Kotun Ƙoli, ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba, ta ce jiha tana da ikon hukunta irin wannan wakili ko ta cire shi. Bayan kutsen da magoya bayan Trump suka yi a ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021 kuma, an yi doka a 2022 da ta fayyace cewa mataimakin shugaban ƙasa jagorantar zaman ƙirga kawai yake yi, ba shi da ikon watsi da wakilan wata jiha, kuma ba a sauraron ƙorafi sai kashi ɗaya cikin biyar na kowace majalisa sun sa hannu.

Game da soke tsarin gaba ɗaya, sai an gyara tsarin mulki, wato biyu cikin uku na majalisun biyu sannan jihohi 38 su amince. An kusa a 1969, lokacin da majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 338 a kan 70, amma a 1970 wasu sanatoci, galibinsu na kudu da na ƙananan jihohi, suka hana a kai ga kaɗa ƙuri'a a majalisar dattawa, maganar ta mutu a nan. Hanyar da ake gwadawa yanzu ta bayan gida ce: jihohi suna yin doka cewa za su ba da wakilansu ga wanda ya fi ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya, amma dokar ba za ta fara aiki ba sai masu sa hannu sun kai wakilai 270. Maryland ce ta fara a 2007, an kuma haura 200. Sai dai jihohin raba gardama da na 'yan Rifablikan ba su nuna sha'awa ba, kuma ranar da aka kai 270 ɗin, washegari lauyoyi za su cika kotu.

Malam Sabi'u:
Saura tambaya ɗaya. 538 tana rabuwa biyu daidai. Idan aka tashi 269 da 269 fa?

Barista Lawal:
Sai majalisar wakilai ta zaɓi shugaba, majalisar dattawa ta zaɓi mataimaki, bisa gyara na 12 da aka yi a 1804 bayan Jefferson da Aaron Burr sun yi kunnen doki da 73 kowanne, har sai da majalisa ta kaɗa ƙuri'a sau 36. A wannan zama kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, ana bukatar 26, wato ɗan majalisa guda na Wayomin daidai yake da 52 na Kalifoniya. A nan mudun Nura ya fito da gaske. Rabon da majalisar ta zaɓi shugaba tun zaɓen 1824, inda ta ba John Quincy Adams duk da Andrew Jackson ya fi shi ƙuri'u da wakilai. Kada kuma a ɗauka tatsuniya ce. A 2020 Biden ya fi Trump ƙuri'u miliyan 7, amma ratarsa a Arizona, Jojiya da Wiskonsin a haɗe ba ta kai dubu 45 ba, kuma wakilan jihohin nan uku 37 ne. Ka cire 37 daga wakilai 306 da Biden ya samu, Malam, ka ga abin da zai rage.

Malam Sabi'u:
269. Na gode, Barista. Ranar Litinin zan shiga ajin da taswirar jihohin da adadin wakilan kowacce, in ba yaron alli, in ce ya nemo mini mafi ƙarancin jihohin da za su kai mutum 270.